Kafin Ruwa Ya Taɓa Goshi: Doguwar Hanyar Masu Neman Sakramenti a Ikklisiyar Katolika

Idan kaka ta wuce, dawa da masara suka shiga rumbu, ajin katikisma a ƙauyukan kudancin Katsina yakan sake cika. Bayan Mas ɗin Lahadi, ko bayan addu'ar da katikis ya jagoranta a ranar da Fada bai samu zuwa ba, za ka ga mutane sun ƙi watsewa. Katikis ya jawo benci ƙarƙashin darbejiya, ya buɗe littafinsa mai bango mai kauri, ya ja layi uku da biro. Layi na farko na manyan da ke neman baftisma ne, na biyu na yaran da suka isa karɓar Yukaris Mai Tsarki, na uku na masu jiran Ƙarfafawa ranar da bishop zai zo. Uwa ta turo ɗanta gaba tana cewa, "Malam, ga ɗanka nan, a rubuta shi." Shi kuwa ba ya saurin ɗora biro. Sai ya tambayi shekarun yaron, ya tambayi katin baftismarsa, ya tambaya ko uban ya sani.

Daga wannan benci zuwa gaban bagadi, wani zai yi wata shida, wani shekara biyu, wani kuma zai tsufa yana hanya. Baƙon da ya halarci bikin kawai, ya ga fararen kaya da kyandir da shinkafar da aka dafa, bai ga komai ba tukuna. Aikin yana can baya, a yammacin ranakun Asabar da babu wanda ke ɗaukar hoto.

Sakramenti a koyarwar Katolika guda bakwai ne, adadin da taron Tirent ya tabbatar a 1547: Baftisma, Ƙarfafawa, Yukaris, Tuba, Shafe Marasa Lafiya da mai, Naɗin Firist, da Aure. Ukun farko su ne ƙofar shiga, kuma su suka fi cin lokacin kowane faris. Dokar Ikklisiya ta 1983 ta ce firist ba shi da ikon hana sakramenti ga wanda ya nema a kan kari kuma ya shirya yadda ya kamata. A cikin wannan sharaɗi na shiri ne duk wahalar take, domin sai an sami wanda zai shirya mutum, da kuma wanda zai iya tsayawa ya ce lallai ya shirya.

Mutumin da ke riƙe da littafin

A wannan yanki, wannan mutum shi ne katikis. Faris guda na iya ɗauke da ƙananan majami'u masu yawa a warwatse cikin karkara, firist kuwa ɗaya ne ko biyu, da babur ko tsohuwar mota, ga hanyar da ruwa ke yankewa da damina. Katikis shi ke zaune da mutane. Shi ya san gidan da ake rigima, ya san wanda har yanzu ke kai kaza gindin tsamiya a ɓoye, ya san yarinyar da aka karɓi sadakinta ba da son ranta ba. Shi ke binne mamaci idan Fada na nesa, kuma doka ta ba shi damar yin baftisma idan rai na hannun Allah, babu firist a kusa.

Haka abin yake tun farkon zuwan Katolika Arewa. Limaman ƙungiyar mishan ta SMA sun sauka Shendam a 1907, 'yan Dominikan daga Amurka suka karɓi yankin Sakkwato a 1953, amma Bature, duk yadda ya iya Hausa, ba shi ne ya zauna da Maguzawa a zaurensu dare da rana ba. 'Ya'yan ƙasa ne suka yi wannan. Shi ya sa cibiyar horar da katikis da ke Malumfashi take da daraja a idon Katolikan Arewa, domin a can ake koya wa mutum aikin da Hausa. Sunan Yusufu Mukasa take ɗauke da shi, ɗan Uganda da aka kashe a 1885 saboda bangaskiyarsa. Daga wannan ƙasa ta Malumfashi da kewayenta ne aka sami jama'ar da ta kai har Fafaroma Francis ya yanke dayosis ɗin Katsina daga na Sakkwato a 2023, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop ɗinta na farko, Bahaushe na farko da ya hau kujerar bishop a Ikklisiyar Katolika.

A watan Mayun 2021 Fafaroma Francis ya mai da aikin katikis muƙami tabbatacce da ake naɗa mutum a kai a gaban jama'a. Wannan girmamawa ce da ta daɗe da cancanta. Sai dai a gaskiya girma ba ya sayen taki. Yawancin katikis na ƙauye manoma ne, abin da ake ba su a wata bai taka kara ya karya ba, kuma lokacin da suke koyarwa daga lokacin gonarsu suke yankowa. Duk faris ɗin da ke son a shirya masa mutane da kyau, to ya fara da duba tukunyar gidan katikis.

Shekarun jira

Babban mutum da ya zo neman baftisma, ba a kai shi bakin ruwa kai tsaye. Wannan tsari tsoho ne ƙwarai. A ƙarni na uku mai neman shiga kan yi shekara uku yana koyo, ana duba sana'arsa da halinsa. Waliyyi Agustin, ɗan ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, sai da ya ba da sunansa ya bi layin masu koyo kafin bishop Ambros ya yi masa baftisma a Milan daren Ista na shekarar 387. Daga baya, da baftismar jarirai ta zama ruwan dare a Turai, tsarin ya kwanta. A Afirka ya sake tashi: Kadinal Lavigerie, wanda ya kafa ƙungiyar Fararen Limamai, ya umarci mutanensa a 1878 da su riƙe masu koyo shekara huɗu. Taron Vatikan na Biyu ya ba da umarni a 1963 a maido da tsarin ga duniya duka, littafin ibadarsa ya fito a 1972.

Mataki na farko shi ne karɓa a ƙofar coci. Mai neman shiga yana tsaye a waje, wanda ya tsaya masa na gefensa. Firist ya tambaye shi sunansa da abin da yake nema, sannan ya zana masa alamar gicciye a goshi. Ana iya ci gaba da zanawa a kunnuwa, da idanu, da leɓe, da ƙirji, da kafaɗu, kowace gaɓa da addu'arta. Dattijon da ya yi shekara sittin ba wanda ya taɓa masa fuska, ga shi tsaye ya runtse ido, maƙwabcinsa na sa masa hannu a kunne. Daga ranar ya zama ɗan gida, ko da yake bai kai ga tebur ba. Littafin ibada ya tanadi a sallami irinsu bayan wa'azi, su fita su ci gaba da nazarin karatun ranar yayin da sauran ke shiga sashen Yukaris. Idan kuwa ajali ya riske shi a wannan hali, doka ta ce a yi masa jana'iza irin ta Kirista cikakke. Iyalai da yawa ba su san da wannan ba, kuma ya kamata a riƙa faɗa musu tun ranar farko, domin yana kwantar da hankalin tsofaffi masu tsoron mutuwa kafin Ista.

Abin da ake koya a aji ba ɓoyayye ba ne: alamar gicciye, Addu'ar Ubangiji, gaisuwar Maryamu, Shaidar Bangaskiya, Dokoki Goma, dokokin Ikklisiya, ma'anar kowane sakramenti. Katikis ya ja tambaya, aji ya amsa da murya ɗaya, a maimaita har ta zauna. Wanda ya taɓa wucewa ta gefen makarantar allo da yamma zai gane wannan amo, don kunnen Bahaushe ya saba ɗaukar karatu ta haka. Ba na cikin masu raina hadda. Tsohuwar da ba ta san baƙi ba, da hadda take riƙe addininta, kuma abin da ta haddace shi zai zo bakinta a gadon asibiti. Inda nake da magana shi ne idan hadda ta zama ita ce duka. Littafin 1972 bai ɗauki wannan lokaci a matsayin makaranta kawai ba. Abu huɗu ya nema a tafi da su tare: koyarwa, zama cikin jama'a ana koyon halinsu, addu'a, da aikin taimakon mutane. Wanda ya iya amsa kowace tambaya amma har yanzu yana dukan matarsa, ko yana tauye mudu a kasuwa, bai shirya ba. Wanda harshensa ke sarƙewa a gaban Fada amma ya mayar da gonar marayun da ya danne, ya fi shi kusa.

Wahalar koyar da sababbi ba ta yau ba ce. Wajen shekara ta 400 wani dikin na birnin Kartaj mai suna Deogratias ya kai wa Agustin kuka cewa koyar da sababbi ya fara gundurarsa, maganarsa ma ba ta yi masa daɗi a kunne. Agustin ya rubuta masa ɗan littafi guda a kan haka. Cikin shawarwarinsa har da cewa idan ka ga mai sauraro na hamma, ka ba shi wurin zama, ka faɗi abin da zai farfaɗo da shi, kuma ka dubi wanda ke gabanka, ko manomi ne ko mai ilimi, kafin ka buɗe baki. Katikis ɗin da ke fama da mutanen da suka wuni a gona zai ga kansa a wannan littafi.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da damina aji kan rame, don ba mai barin noma ya zo karatu. Da rani kuma samari kan tafi ci-rani Kano ko Abuja ko kudu, su dawo an wuce su. Ga matsalar tsaro da ta sa taron yamma ya zama abin tunani. A watan Mayun 2021 'yan bindiga suka afka wa faris ɗin St. Vincent Ferrer da ke Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da Fada Joe Keke. A irin wannan yanayi mai koyo kan fara a ƙauye ya ƙare a garin da ya yi gudun hijira, kuma sai wani katikis ya yarda da shaidar wani kafin a ci gaba da shi daga inda ya tsaya.

Azumin kwana arba'in shi ne zangon ƙarshe. Ranar Lahadin farko ake rubuta sunayen waɗanda aka zaɓa, bayan iyayen baftismarsu sun ba da shaida a kansu. Lahadi ta uku da ta huɗu da ta biyar ana yi musu addu'o'in bincike da tsarkakewa, suna durƙushe, ana karanta labarin Basamariya a bakin rijiya, da na wanda aka haifa makaho, da na tashin Li'azaru, duka daga Bisharar Yohanna. A tsakanin nan ake danƙa musu Shaidar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji. Sai daren Asabar na jajibirin Ista, a tsakiyar zafin bazara, a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir, a zuba musu ruwa sau uku.

Mai mata fiye da ɗaya

Akwai wanda duk wannan zai wuce a kan idonsa shekara da shekaru bai motsa daga benci ba. Shi ne magidancin da ya auri mata biyu ko uku bisa al'ada tun kafin ya ji wa'azi. Koyarwar Katolika a kan aure ba ta da lanƙwasa: miji ɗaya, mace ɗaya. Sashe na 1148 na Dokar Ikklisiya ya ce idan irin wannan mutum zai karɓi baftisma, ya zauna da uwargida, in kuwa hakan ya yi masa tsanani, ya zaɓi ɗaya cikin sauran. Tushen wannan hukunci ya koma ga Fafaroma Bulus na Uku a 1537 da Pius na Biyar a 1571. Dokar ta ƙara da cewa wajibi ne bishop ya tabbatar an biya bukatun matan da aka rabu da su bisa adalci da ƙauna.

A takarda magana ta ƙare. A tsakar gida kuwa, wace za a ce wa ta tashi? Wadda ta haifa masa 'ya'ya shida, ko wadda iyayenta suka rasu ba ta da inda za ta koma? Dattawa da yawa sun duba wannan suka ce ba za su iya ba. Suna zuwa coci kowace Lahadi, da kuɗinsu aka yi rufin kwano, 'ya'yansu sun yi baftisma, amma su suna nan a matsayin masu koyo, wasu sai a kan gadon mutuwa ake zuba musu ruwa. Ban ga dalilin da zai sa a kalle su da ido ɗaya ba. Mutumin da ya ƙi jefar da mace a titi don ya sami shiga, akwai abin da ya fahimta game da alhaki. Taron bishop-bishop da aka yi a Rum a 2023 ya nemi ƙungiyar bishop-bishop ta Afirka da Madagaska ta zauna ta yi nazarin yadda za a yi tafiya da irin waɗannan iyalai. Kafin a kai ga wani abu, katikis ne ke shiga gidan, ya gaida uwargida, ya gaida amarya, ya san yadda zai yi magana ba tare da ya fasa gida ba.

Yara

Jariri ba ya zuwa aji, iyayensa ke zuwa a madadinsa. Doka ta so a yi masa baftisma cikin makonnin farko, da yardar aƙalla ɗaya daga cikin iyaye, kuma da kyakkyawan zaton za a rene shi cikin bangaskiya. Uban baftisma ko uwar baftisma sai ya kai shekara 16, ya karɓi Ƙarfafawa da Yukaris, yana zaman da ya dace, kuma ba mahaifi ko mahaifiyar yaron ba. Nan ne son zuciya kan shigo, a tsallake maƙwabciya mai tsoron Allah a ɗauko mai kuɗin da ke birni, wanda yaron ba zai sake gani ba sai a hoto. Batun suna kuwa da sauƙi: abin da aka hana shi ne sunan da ya saɓa wa Kiristanci, don haka Ladi da Tanko da Talatu na iya zama tare da Maryamu da Bitrus da Bulus. Yaron da ya wuce shekara bakwai ba a yi masa ba, ya fita daga sahun jarirai, da bakinsa zai amsa.

Shekara bakwai ɗin nan Fafaroma Pius na Goma ne ya tsayar da ita a 1910, lokacin da ake jinkirta wa yara Yukaris har su kai sha biyu ko sha huɗu. Abin da ya nema kaɗan ne: yaro ya iya bambanta wannan gurasa da gurasar yau da kullum, ya karɓa da ladabi. Yaron da ya tashi da tuwon dawa, ranar ce zai fara ɗanɗana 'yar farar gurasar alkama marar yisti, domin doka ba ta yarda da wani hatsi ba. Ana koya masa yadda zai buɗe baki ko ya haɗa tafin hannu, da azumin awa guda kafin karɓa, wanda ruwa da magani ba sa karya shi. Kakanninsa daga tsakar dare suke kama baki, sai a 1957 aka rage zuwa awa uku, a 1964 aka mai da shi awa ɗaya.

Kafin wannan rana akwai wadda ta fi ta nauyi a zuciyar yaro, wato ranar da zai fara furta zunubansa. Za ka gan su a jere a kan benci, ba mai wasa, kowa na ƙirga laifinsa da yatsu: na zagi yayata, na ɗauki canjin Inna, na ƙi zuwa ɗiban ruwa. Babban tsoronsu ɗaya ne, kada Fada ya gaya wa Baba. A nan katikis nagari kan zauna ya warware musu cewa abin da aka faɗa a wurin ya mutu a wurin. Firist ɗin da ya fallasa shi, a take ya fita daga tarayyar Ikklisiya, kuma sai fadar Fafaroma ce kaɗai ke iya kwance shi. Yadda aka bi da yaro a wannan rana yakan bi shi har girma. Wanda aka tsorata da wuta da bulala zai riƙa jan ƙafa, ko da yake tun taron Lateran na 1215 an wajabta furci aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda aka nuna wa cewa gafara ya zo karɓa, zai dawo da ƙafarsa.

Ƙarfafawa ta fi jiran bishop, shi ya sa a karkara akan tara masu karɓa na majami'u da yawa a rana guda. Ya ɗora hannu, ya shafa man Kirisma a goshi, man zaitun gauraye da turare wanda shi da kansa ya keɓe a Mako Mai Tsarki. Har yanzu yara na tsorata junansu da cewa bishop zai mare su. Ɗan taɓa kumatun da ake yi a dā ne ya bar wannan labari, kuma an cire shi tun gyaran 1971.

Kati da kuɗi

Masu shirin aure na da tasu hanyar: darussa, binciken ko akwai abin da ya hana, sanarwa a coci Lahadi uku, kuma a majami'u da dama na Najeriya har da gwajin jini saboda sikila. A nan ne da yawa ke tuna ba su yi Ƙarfafawa ba, su rugo wurin katikis saura wata guda biki, suna roƙon a taimaka a gajarta. Abin da suke nema a lokacin kati ne, kuma duk wanda ya sa hannu ya ba su ba tare da shiri ba, ya cuce su.

Sai batun kuɗi, wanda ba a cika son ɗaga shi ba. Kuɗin kati, kuɗin fom, farin yadi, takalmi, gudummawar tarbar bishop, bashin harajin coci da ake cewa sai iyaye sun biya. Kowanne shi kaɗai ƙarami ne, amma a gidan da yara uku suka isa a shekara guda, ya isa ya sa uba ya ce a bari sai baɗi. Sashe na 848 na Dokar Ikklisiya ya faɗa ƙarara cewa kada a nemi komai fiye da abin da hukuma ta ƙayyade, kuma kada talauci ya hana kowa sakramenti. A wurare da dama 'yan Zumuntar Mata ne ke rufa wannan asiri, su ɗinka wa marainiya farar riga, ko su karɓo ta wadda ta yi bara su wanke su goge.

Bayan bikin baftismar manya a daren Ista, littafin 1972 ya ware kwana hamsin daga Ista zuwa Fentikos don a ci gaba da zama da sababbin, a warware musu abin da suka karɓa, a ba su wuri a cikin jama'a. Wannan zango shi aka fi sakaci da shi, ga shi kuma yana faɗowa daidai lokacin sharar gona da jiran ruwan shuka. Faris ɗin da ya san abin da yake yi ba ya barin su haka: wannan a sa shi cikin mawaƙa, waccan a miƙa ta ga Zumuntar Mata, saurayin da ya iya karatu a ba shi karatun Lahadi, a kuma ɗora wa uban baftisma nauyin ya leƙa gidan duk ranar da bai ga ɗansa a coci ba. Shi kuma katikis ya ɗauki littafinsa ya kai hedikwatar faris, a kwafe sunayen cikin babban rajistan baftisma, inda za a riƙa ƙara Ƙarfafawa da aure a gefen kowane suna, ko da mai sunan ya koma Maraɗi ko Legas.